Ango Mai Jan Ido

Duk wanda ya shekara ashirin yana tsince ƙudaje, hannunsa ya daina neman izininsa. Mu da muka zauna a ɗakin binciken Farfesa Tokunaga mun san wannan, mun sha yi wa juna tsiya a kai. Kuramochi Mizuho ma ta sani sarai, don ita ke koya wa sababbin shiga. Sanin dai bai tsinana mata komai ba ranar da abin ya zo.

Ƙudajen namu ba irin na bola ba ne, 'yan mitsi-mitsin nan ne masu yi wa ayaba rubdugu in ta wuce nuna. A tsakiyar ƙwaƙwalwar kowanne, wadda ƙwayar riɗi ta fi ta girma, akwai wasu ƙwayoyin jijiya goma sha huɗu, bakwai a dama, bakwai a hagu. Sauran jijiyoyi raɗa suke yi wa maƙwabtansu, su kuwa waɗannan shela suke yi. Da ƙuda ya ci ya ƙoshi sai su zubo wani sinadari cikin jininsa, ya zaga jiki yana sanar da cewa abinci ya samu, mai girma ya girma, mai ajiya ya ajiye. Sinadarin ɗan'uwan insulin ne, wannan da masu ciwon suga ke yi wa kansu allurarsa. Sensei, yadda kowa ke kiran farfesan ke nan, a kan ƙwayoyin nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa har kansa ya yi fari fat. Ya san inda suke, ya san aikinsu, amma bai taɓa ganin sinadarin yana fita daga cikinsu da idonsa ba. Ga kuma abin takaici, shi kansa ciwon suga ke cinsa. Ya riga ya cinye masa idon dama, ya fara lasar na hagu.

Shekara huɗu Mizuho tana fama da abu guda: ta liƙa wa sinadarin wata alama mai ƙyallin kore, yadda za a ga ya taru cikin ƙwayoyin in ƙuda na jin yunwa, a kuma ga ya tsiyaye in ya ci. Ta yi ta sukar ƙwan ƙuda da allurar gilashi har wuyanta ya ƙage. Ƙudajen da take aiki da su duk fararen idanu gare su, an kuma tsara abin yadda duk wanda alamar ta kama jikinsa zai fito da jan ido. Shekara huɗu fari take gani, fari, fari, har ta fara tsanar shinkafar da ke kwanonta.

Wata safiya ta kaka, tana zaune gaban madubin ƙara girma, ta zazzage kwalba a kan farantin nan mai fitar da iskar da ke sumar da ƙudaje. Ta sa burushi tana juya su ɗaya bayan ɗaya. Sai ta tsaya cak.

"Nabeshima-san, zo ka duba mini. Ko idona ne."

Nabeshima abokin aikinta ne, mutumin Osaka, wanda bakinsa ba ya hutawa ko yana tauna. Ya taso yana jan silifa.

"Idonki ne mana. Ai na gaya miki tsufa ba ya sallama." Ya sunkuya ya leƙa. Ya ɗago, ya sake leƙawa. "Tabɗi! Jajir kuwa. Namiji ne. Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"To, mun yi ango. Ina amare?"

Sunan ya bi shi ke nan. Ba kuma wasa Nabeshima yake yi ba da ya tambayi amare. Ba a daskarar da ƙuda a ajiye don gaba, iri yana nan ne kawai muddin ana haihuwa, kuma ran ƙuda ba shi da tsawo. Sannan ba kowace mace ake ba namiji irin wannan ba, sai budurwa, domin macen da ta taɓa haɗuwa da wani takan adana irinsa a jikinta ta yi ta haifa masa 'ya'ya. Shi ya sa kowace safiya muke sammako mu ware matan da suka fito daga kwanci kafin maza su farga. Ranar nan uku kacal Mizuho ke da su. Biyu ƙosassu, ta ukun wata 'yar ƙanƙanuwa mai lanƙwasasshen fiffike, wadda da wata rana ce da tuni ta zubar da ita. Ta haɗa su duka da Ango a kwalba ɗaya, ta toshe bakin da auduga.

Da hantsi Sensei ya shigo yana laluben gefen tebur. Ya kai kwalbar daf da idonsa na hagu, ya juya ta wajen taga.

"Ja ne?"

"Ja ne, Sensei."

"Ni ɗigo nake gani yana motsi." Ya yi murmushi, ya miƙa mata kwalbar da hannu biyu. "Likita ya sa mini rana. Litinin ta sama za su shiga idon nan. Na ce masa zan gani bayan aikin? Ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa. Kin san me likita ke nufi in ya faɗi haka."

Mizuho ta karɓi kwalbar ta ajiye.

"Akwai lokaci," in ji Sensei. "Kafin nan tsutsotsinsa sun cika kwalba. Sai ki buɗe mini ƙwaƙwalwar guda, ki sa a babban madubi, in gan su sau ɗaya. Daga nan likita ya yi yadda ya ga dama."

Mizuho ta rusuna ta ce za a yi. Ta faɗa da ƙarfin zuciya, don a ganinta mai wuyar ta wuce. Abu ɗaya ya ɗan dame ta a wunin nan. Namijin ƙuda in yana neman mace yakan bi ta, ya miƙe fiffike ɗaya yana kaɗawa, mu waƙa muke ce wa abin. Ta leƙa kwalbar ya fi a ƙirga, ba ta ga waƙa ba. Ango yana maƙale a jikin auduga yana goge fuska da ƙafafun gaba.

"Angon zamani ne," in ji Nabeshima. "Mata uku na jiransa, shi kwalliya yake yi. Kai malam, sauko! Mu nan ko ɗaya ba mu samu ba."

Washegari ta yi sammako da dabara mai kyau. Za ta tsince sababbin 'yan mata da yawa, ta ɗauke Ango daga wajen ukun nan ta ba shi su, kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. Aikin tsincewa kuwa tsarinsa ɗaya ne tun duniya na kwance. A zazzage kwalba a faranti, a ja mata hagu, a tura maza dama. A share matan cikin sabuwar kwalba. Abin da ya rage a faranti maza ne, ba su da amfani, sai a ɗaga farantin a buga shi a bakin mazurarin da ke kan wata babbar kwalba mai barasa. Mutuware muke kiranta. Mata kwalba, maza mutuware. Kwalba bayan kwalba haka ta yi ta yi a safiyar nan har ta tara 'yan mata takwas masu kyau.

Sannan ta ɗauko kwalbar Ango. Ta sumar da su a hankali, ta mayar da matan uku inda suke, ta bar shi a gefen dama na farantin yana kwance ƙafafu sama. Ta zuba sababbin takwas ɗin a hagu, ta sake duba su ɗaya-ɗaya don ta tabbata ba namijin da ya saje a ciki.

"Kuramochi-san," Nabeshima ya kira daga ƙofa, "matar Sensei ta bugo. Wai ranar aikin wa zai raka su asibiti, ke ko ni? Na ce mata ke, don ni in na ga jini sai a ba ni gado kusa da nasa."

Ta waiwaya tana dariya. "Ka ce mata ni zan je. Kai ai sai ka sa likita dariya wuƙa ta kuɓuce."

Tana magana hannunta na aiki. Hannun ya share matan takwas cikin kwalba, ya toshe da auduga. Ya ɗaga farantin, ya buga a bakin mazurari, ƙwas.

Ƙarar ce ta dawo da ita. Ta dubi farantin, fari tas, ba komai a kai. Ta dubi kwalbar da ke hannunta, ta ƙirga, takwas. Ta sake ƙirgawa, takwas, duk fararen idanu.

"Lafiya?" in ji Nabeshima.

Mutuware kawai ta nuna masa.

Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma Mizuho ba wawuya ba ce, kuma wannan ne ya fi ci mini rai a labarin nan. Sabon shiga ba zai taɓa yin wannan kuskure ba, domin shi yana tsoron kowane ƙuda. Sai gwani. Ta fizge mazurarin ta juye kwalbar kaf a cikin wani faffaɗan tire, barasa ta fallatsa mata a riga, gawarwakin ƙudaje na wata guda suka bazu baƙi ƙirin. Su biyu suka duƙufa da burushi suna tonawa. Nabeshima ne ya gan shi, jan idon yana nan yadda yake. Ta ɗora shi a takarda mai tsotse ruwa, ta yi ta hura masa iska da bakinta, tana juya shi, tana kiran sunan wasan nan kamar zai amsa. Ƙafafunsa sun riga sun naɗe.

"Ni na yi miki magana," in ji Nabeshima, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Da na bari kin gama."

"Ba kai ka buga farantin ba."

Sake yin wani Ango ba aikin mako ba ne, ba na wata ba ne, in ma an dace. Abu ɗaya tak ya rage a duniya: matan nan uku da suka kwana da shi. In ya kusanci ko ɗaya, irinsa na jikinta. In kuwa kwalliyar ya yi ta yi har gari ya waye, shi ke nan, shekara huɗu sun bi barasa.

Ta sami Sensei a ofishinsa yana cin abincin da matarsa ke auna masa, 'yar shinkafa da gasasshen kifi. Ta rusuna har gashinta ya rufe mata fuska, ta faɗi abin da ya faru ba ta rage komai ba. Ta so ya daka mata tsawa, ta so ya jefe ta da kwanon. Sai kawai ya ajiye tsinkayen cin abincinsa a hankali, ya daidaita su.

"Ya kwana da su?"

"Ya kwana, Sensei."

"Kin ga ya yi musu waƙa?"

"Ban gani ba."

"To." Ya ture kwanon gefe. "Je ki raba su, kowace da kwalbarta. Ki sa musu yis sabo. Kada abincin ya yi ruwa."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma da duka ya yi mata da ya fi mata sauƙi.

Jira ya fara. Wahalar ita ce ganin ƙwai ba ya nuna komai, domin budurwa ma takan zuba ƙwai, holoƙo, waɗanda ba sa ƙyanƙyashewa. Sai an ga tsutsa. Mizuho ta daina zuwa cin abincin rana. Ta buɗe akwatin ɗumin da kwalaben ke ciki, ta rufe, ta tuna yawan buɗewa na sauya musu zafi, ta haƙura, can kuma ta sake buɗewa. Ta farkon cikin matan Ango, wadda ta fi kowace ƙiba, ita ta fara ba ta kunya. Da safe aka same ta ta manne a jikin abinci ta bayanta, fukafukai sun jiƙe, ba ta saka ko ƙwai ɗaya ba.

"Ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu," in ji Nabeshima, sai kuma ya ga fuskarta ya haɗiye sauran.

Ta biyu ta zuba ƙwai har da na banza, farare reras a kan abincin. Zuciyar Mizuho ta yi sama. Ta zauna gaban madubi tana kallonsu kamar mai gadin tukunya. Wuni ya wuce, wani ya bi bayansa. Ƙwan suka fara yin ruwan ƙasa, suka motse, ko ɗaya bai fashe ba. Ta ukun kuwa, mai lanƙwasasshen fiffike, tana laɓe a gindin auduga, ba ta ci, ba ta saka komai.

"Ga shawara," in ji Nabeshima. "Ki jefa mata wani namijin mu gani. In ta shure shi, to an riga an sha biki, hankalinmu ya kwanta. In ta karɓe shi, mun san inda muka tsaya."

"In kuma ta riga ta haɗu da Ango, ta zo ta karɓi wannan fa? Irin sabon ya ture na tsohon. Kana so in kashe shi sau biyu?"

"Ni dai so nake ki yi barci. Kin ga idonki kuwa? Ke ce mai jan idon yanzu, saura mu nemo miki ango."

Ta harare shi, amma ta ji daɗin tsiyar. Tun ranar da abin ya faru kowa a ɗakin lallaɓa ta yake yi kamar mai zaman makoki, shi kaɗai ya ci gaba da zama Nabeshima.

Cikin kwanakin nan ranar tunawa da dabbobi ta faɗo. Kowace kaka jami'a takan tara masu bincike a gaban wani dogon dutse da ke bayan ginin likitoci, kowa da baƙaƙen kaya, a yi godiya ga dabbobin da aka kashe don neman ilimi, kowa ya ajiye farin fure ya rusuna. Masu ɓeraye ne a sahun gaba, su ne manya. Mu masu ƙuda kullum a baya muke, muna hamma, don ba wanda ya taɓa ƙirga gawar ƙuda.

"In fure ɗaya na ƙuda ɗaya ne," Nabeshima ya raɗa mata, "sai mun sare gonar furen ƙasar nan kaf, mu ciwo bashi a Koriya."

Ba ta yi dariya ba. Sau ashirin tana zuwa wurin nan tana ajiye fure ba tare da ta tuna kowa ba. Yau da ta isa gaban dutsen sai ta ga ɗan ɗigon nan yana goge fuska a jikin auduga, hankalinsa kwance, bai san hannun da ya yi shi ne zai zubar da shi ba. Hawaye ya ƙwace mata a gaban masu ɓeraye. Ta hango Sensei a gefe, matarsa na riƙe da gwiwar hannunsa tana nuna masa inda zai sa furen. Ya ajiye shi a gefen tebur, furen ya faɗi ƙasa, bai sani ba. Tsoro ya kama ta sosai a lokacin, don ta gane idon ba zai ma jira Litinin ba in aka yi wasa.

Ana jibi aikin ido ta shigo da safe ta tarar da 'yar ƙaramar ta mutu. Tana kwance a kan abinci, fiffiken nan a lanƙwashe yadda yake. Mizuho ta zauna daɓas. Ta daɗe kafin ta iya kai kwalbar ƙarƙashin madubi, don kawai ta cika aiki. A gefen gawar akwai ƙwai biyar ko shida da marigayiyar ta lallaɓa ta saka ba wanda ya gani. Biyu daga ciki sun zama fanko. A kan abincin kuma ga wasu siraran layuka biyu, irin sawun da tsutsa ke bari.

Ba ta yi ihu ba, tsoro bai bar ta ba. Rabin 'ya'yan Ango ne kawai za su gaji alamar, saboda haka biyun nan suna iya zama ba kowa ba. Ta bar su suka kwana suna ci don su ɗan yi ƙwari. Ranar Lahadi da hantsi ta kira Nabeshima, suka shiga ɗakin duhu, ta ɗauko su da jiƙaƙƙen burushi ta sa a kan gilashi cikin ɗigon ruwa, ta bar su su ɗan ji yunwa, sannan ta kunna shuɗin haske. Ta farko duhu ce, ba komai. Ta matsar da gilashin. A kan ta biyu, can ciki ƙarƙashin fata, wasu 'yan gungu biyu suna ƙyalli kore shar.

"Bugo wa Sensei," ta ce.

Matarsa ta kawo shi a tasi, da jakar asibitinsa a hannu, don da yamma za a kwantar da shi. Suka zaunar da shi gaban madubin. Ya manna idon hagu, ya murɗa, ya sake murɗawa, ya goge idon da hankici, ya koma.

"Hazo nake gani," ya ce. "Ko kore ne ko ba kore ba, ban sani ba."

"Fatar ce ke tare hasken, Sensei. In na ƙara ƙarfinsa yadda zai fito a allon kwamfuta, zai dafa ta da ranta." Ta riga ta jawo 'yan hantsakinta guda biyu masu tsinin allura, ta jera su. "Bari in fito da ƙwaƙwalwar. A babban madubi kowace ƙwaya za ta kai girman tafin hannu a allo. Za ka gani, na yi maka alkawari."

"Guda nawa ne masu koren?"

Ta ci gaba da gyara hantsakin.

"Kuramochi-san, guda nawa?"

"Ita kaɗai ce."

"Uwar fa?"

"Ta mutu."

"To in kin buɗe ta, gobe me ya rage?"

"Zan sake yin wani. Ko shekara nawa zai ɗauka zan yi. Amma idonka ba zai jira ba." Ta ɗauki hantsakin. "Ni na jawo, Sensei. Da yanzu ɗari ne a kwalba. Ka bar ni in biya."

"Da ɗiyarsa za ki biya?" Bai ɗaga murya ba. "Uban, hannunki ne ya kashe shi bai tambaye ki ba. Wannan kuwa da saninki za ki yi, kuma da sunana. Ajiye ƙarfen nan."

"Shekara talatin kana jira fa," in ji matarsa daga bakin ƙofa. Ita ma ba ta so a ajiye ba.

"Ai shi ya sa na iya jira." Ya tashi daga kujerar yana lalube, ya dafa kafaɗar Mizuho ya zaunar da ita. "Zauna. Ƙirga mini su. Fara da dama."

Ta share ido da hannun riga, ta leƙa. Tsutsar na motsi, sai da ta bi ta a hankali. Ta ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, har bakwai. Ta koma hagu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Ta tsaya. Ta sake bi, shida. Ko alamar ta lalata guda?

"Shida nake gani a hagu."

"Ta bakwai tana bayan ta uku. Kullum can take ɓuya, munafuka. Sauke madubin kaɗan."

Ta sauke kaɗan. Ga ta nan kuwa, daidai inda ya ce.

"Bakwai," ta ce.

"Yawwa. Yanzu ba ta abinci, ki kashe hasken kada ya dame ta."

Ta ɗiga yis a gefen ruwan, ta kashe. Su huɗu suka zauna cikin duhu da rana tsaka, ana jin numfashin Sensei da ƙarar zip ɗin jakar da matarsa ke ja tana mayarwa. Mizuho tana ta saƙe-saƙe: in ta kunna ta ga koren yana nan yadda yake fa? Ke nan alamar ta toshe sinadarin, an yi ba a yi ba. Da Sensei ya ce lokaci ya yi, sai da ta yi ta maza kafin ta taɓa makunnin.

"Me kika gani?"

"Ya ragu." Ta ƙara dubawa don kada son zuciya ya ruɗe ta. "Ya ragu sosai, Sensei. Na dama sun kusa dushewa. Akwai ɗan kore yana bin wani siririn zare yana gangarawa baya. Yana fita."

"Ta bayan yake bi? Ba ta gefe ba?"

"Ta baya."

"Na faɗa musu," in ji shi a hankali. "Tun kina makaranta na faɗa wa sauran masu bincike ta nan yake bi." Ya rufe idanunsa duka biyu, mai gani da marar gani, ya jingina da bango. Sannan ya ce, "Mayar da ita gida. Ta gaji."

Aka kunna fitilar ɗaki. Mizuho ta jawo sabuwar kwalba, ta jiƙa burushi, ta kai shi gefen tsutsar. Sai ta ga hannun yana rawa, hannun da bai taɓa rawa ba cikin shekara ashirin. Daga gilashin zuwa bakin kwalbar bai kai taƙi ɗaya ba, amma a gefen damanta, inda take kullum, ga mutuware da mazurarinta a buɗe. Ta sa hannun hagu ta riƙe wuyan na dama gam.

Nabeshima ya zagayo, ya kifa tafin hannunsa a bakin mazurarin, ya bar shi a nan.

Ta ɗaga burushin tana kallonsa, ba ta ƙifta ba har ya shiga kwalba ya taɓa abinci. Tsutsar ta sauka, ta tsaya, ta juya kai dama da hagu.

"Ya ake ciki?" in ji Sensei, yana kallon inda ba nan kwalbar take ba. "Tana ci?"

Mizuho ta jira har ta ga bakin ya nutse cikin abincin, kafin ta yarda ta amsa.

"Tana ci, Sensei."

Ya miƙa wa matarsa hannu. "To, mu je wajen likitan nan."